Raunin Mazakuta: Abin Da Likitoci Suka Gano, Da Abin Da Ya Iso Kunnen Jama'a

Yau za mu taɓa wata magana wadda ba a saba kawo ta a jarida ba, watau raunin nan da kan sami namiji har ya kasa biyan hakkin iyalinsa. Muna roƙon dattawanmu su yi mana aikin gafara. Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne, masu tallan magani a kasuwa da tashar mota sun daɗe suna shelarta da lasifika, ba kunya ba tsoro, masu ilmin abin kuwa sun yi shiru. In mai sani ya kame bakinsa don kunya, marar sani shi zai zama malamin gari.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan likitocin Turai da Amurka suna bin diddigin wannan ciwo. Binciken nasu ya haifi abu biyu, ƙwayar magani da gargaɗi. Ƙwayar ta zaga duniya, har ta shiga ƙauyukan da ba su da asibiti. Gargaɗin kuwa, wanda a ganinmu ya fi ƙwayar daraja nesa, har yanzu yawancinsa yana kwance cikin mujallun likitoci. Shi mu ke so mu fitar wa masu karatu, amma sai mun fara daga tushe.

Yadda A Ke Zato A Da

Har zuwa wajen 1970, galibin likitocin Turawa sun ɗauka wannan rauni daga zuci ya ke, watau daga fargaba da damuwa da rashin jituwa tsakanin miji da mata. A littattafan koyarwa na lokacin an riƙa cewa cikin mutum goma masu wannan ciwo, tara jikinsu lafiya lau ya ke, tunani ne kawai ya ɗaure su. A 1970 William Masters da Virginia Johnson na birnin St. Louis a Amurka suka fitar da littafinsu a kan matsalolin auratayya, suka ƙarfafa hanyar yin magani da nasiha da koyar da ma'aurata. Lalle hanyar ta taimaki mutane da yawa. Amma mai ciwon sukari wanda jijiyoyinsa suka lalace, kome yawan nasihar da aka yi masa haka zai koma gida, ga ciwo ga zargin kai.

A 1982 wani likitan jijiyoyin jini a birnin Paris, Ronald Virag, ya ba da labari cikin mujallar Lancet cewa in aka yi allurar wani magani mai saki tsokar jijiya a gaban namiji, jini kan cika shi ya miƙe ko da babu sha'awa. A 1983 wani masanin Ingila, Giles Brindley, ya tabbatar da irin wannan a taron likitocin mafitsara na Amurka a Las Vegas, bayan ya gwada a jikin kansa. Daga nan zato ya fara juyawa. Aka gane cewa al'amarin aikin jini ne da jijiya: tsokar da ke cikin gaba ta saki, jini ya kwararo, hanyar fitarsa ta matse. Duk abin da ya ɓata ɗaya daga cikin waɗannan zai kawo rauni, ko da zuciyar mutum a kwance ta ke.

A watan Disamba na 1992 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka ta tara masana, suka yi shawara a daina kiran ciwon da tsohon sunansa, wanda ma'anarsa rashin iko, domin suna ne mai ƙasƙanci. Suka zaɓi sunan da ke nuna gaɓa ɗaya ce ta kasa aikinta. Kada mai karatu ya raina wannan canji. Mutum ya fi iya zuwa wurin likita ya ce wata gaɓarsa ba ta aiki, da ya je ya ce shi ba namiji ba ne.

Mutanen Masacusets

Babu rubutun da ya yi tasiri a wannan fanni kamar wanda Henry Feldman da Irwin Goldstein da John McKinlay da abokan aikinsu suka buga a 1994 cikin mujallar likitocin mafitsara ta Amurka. Tsakanin 1987 da 1989 an bi gida gida a garuruwan da ke kewaye da birnin Boston, cikin jihar Masacusets, ana auna lafiyar maza masu shekara 40 zuwa 70. Daga amsoshin mutum 1,290 aka fitar da lissafi cewa kashi 52 cikin 100 suna da wani abu na wannan rauni. Kashi 17 nasu kaɗan ne, kashi 25 matsakaici, wajen kashi 10 kuwa gaba ɗaya. Rauni na gaba ɗaya ya tashi daga kashi 5 ga ɗan shekara 40 zuwa kashi 15 ga ɗan shekara 70. Sa'an nan aka ga ciwon ya fi yawa ga masu ciwon zuciya, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, shan taba kuma yana ƙara tsananta shi ga mai ciwon zuciya.

Masana suna da hanyar da su ke auna nauyin rubutu, watau su ƙidaya sau nawa waɗansu masu bincike suka kafa hujja da shi cikin nasu rubutun. Da wannan ma'auni, rahoton Masacusets yana cikin na gaba gaba a dukan ilmin mafitsara, gama an ambace shi sau dubbai. Da wuya ka buɗe wani rubutu a kan wannan ciwo, ko daga Masar ko daga Indiya ko daga Ibadan, ba ka tarar da wannan kashi 52 cikin layukansa na fari ba.

Iska Da Ƙwaya

Sa'ad da waɗannan ke ƙidayar mutane, waɗansu masana suna can ɗakin gwaji suna neman abin da ke sa jijiyar jini ta buɗe. A 1980 Robert Furchgott ya gano cewa fatar da ta lulluɓe cikin jijiya tana fitar da wani abu mai sa tsokar jijiyar ta saki. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar wata iska ce mai suna naitirik oksaid. A 1992 Jacob Rajfer da Louis Ignarro na Los Angeles suka nuna cewa ita wannan iska ita ce ke sakin tsokar gaban namiji. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda aikinsu a kan wannan iska da jijiyoyin jini.

Ƙwayar kuwa, samuwarta faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A 1989 ma'aikatan kamfanin Pfizer a garin Sandwich na Ingila suka haɗa wani magani, sildenafil, da niyyar maganin hawan jini da ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. Da aka gwada, bai yi abin kirki ga ƙirji ba, amma mazan da aka ba suka ba da labarin wani abin da ba shi aka nema ba. Kamfanin ya juya akalar bincike. Ran 27 ga Maris, 1998, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi da sunan Viagra. A watan Mayu na shekarar Goldstein da abokansa suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 861. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, waɗanda suka sha maganin sun dace cikin kashi 69 na kusantar iyalinsu, waɗanda aka ba ƙwayar banza marar magani kuwa kashi 22. A 1999 cinikinsa ya kai kimanin dala miliyan dubu. A 2003 waɗansu 'yan'uwansa biyu, tadalafil da vardenafil, suka shigo kasuwa.

Ya kamata a fahimci aikin wannan ƙwaya. Ba ta haifar da sha'awa, ba ta kuma gyara jijiyar da ta lalace. Iyakarta ta hana saƙon da iskar nan ta aika saurin gushewa, na 'yan sa'o'i. In ƙarfinta ya wuce, jijiya tana nan yadda ta ke.

Inda Lissafi Ya Ke Bukatar Hattara

Tasirin rubutu abu ne mai kyau, amma yawan ambato ba shi ne tabbacin cewa an fahimci abin da aka ambata ba. Ga misali uku.

Na fari, kashi 52 ɗin nan ya haɗa har da kashi 17 masu rauni kaɗan, waɗanda da yawansu ba za su kira kansu marasa lafiya ba. Da lissafin ya fita daga hannun masana ya shiga hannun masu talla, sai aka jefar da rabe-raben, aka bar cewa rabin maza ba su da lafiya. Mai kaya ya fi son kasuwa ta yi faɗi.

Na biyu, a 1999 McKinlay da abokan aikinsa suka yi ƙiyasi cewa a 1995 maza miliyan 152 ke da wannan ciwo a duniya, suka kuma yi hasashen adadin zai kai miliyan 322 a 2025, da ƙaruwa mafi yawa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. An yi ta maimaita wannan adadi kamar ƙidaya aka yi. Alhali kuwa abin da suka yi shi ne, sun ɗauki lissafin mutanen Masacusets, waɗanda kusan dukansu farar fata ne, suka ɗora shi a kan yawan mutanen duniya bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Su marubutan ba su ɓoye wannan ba. Masu ɗauko adadin ne su kan manta su faɗa.

Na uku, a 1997 Raymond Rosen da abokansa suka tsara takardar tambayoyi 15 don auna tsananin ciwon, aka fassara ta cikin harsuna da yawa, ta zama mudun da kusan kowane mai bincike ke awo da shi. An tsara ta ne a lokacin gwajin sildenafil, da tallafin kamfanin da ke yin maganin. A 1999 kuma mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga wani rahoto mai cewa kashi 31 na mazan Amurka da kashi 43 na matansu suna da wata matsala ta auratayya. Daga baya mujallar ta fitar da gyara, ta bayyana cewa biyu daga cikin marubutan suna da hulɗar aiki da kamfanonin magani. Wannan bai mai da bincikensu ƙarya ba. Amma mai hankali in ya ji adadi, ya kan tambayi wa ya auna, wa aka auna, wa kuma ya biya kuɗin awon.

Gargaɗin Da Bai Iso Ba

To, yanzu mun zo ga zuciyar magana. In wannan rauni ciwon jijiyar jini ne, ai jijiyoyin jiki duka dangin juna ne. Abin da ya ɓata na ƙasa ba zai ƙyale na sama ba. Likitocin birnin Milan a Italiya, Piero Montorsi da Francesco Montorsi, suka bi wannan tunani. A 2003 aka buga bincikensu a kan mutum 300 da aka kawo asibiti da ciwon ƙirji, aka kuma tabbatar jijiyoyin zuciyarsu sun toshe. Kusan rabinsu suna da raunin mazakuta. Cikin waɗannan, biyu bisa uku sun ce raunin ne ya riga ciwon ƙirjin zuwa, da tazarar kimanin shekara uku. Bayanin da suka kawo mai sauƙin ganewa ne. Jijiyar gaba faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya kuwa 3 zuwa 4. In kitse ya fara taruwa cikin jijiyoyi, ƙarama ce za ta fara nuna alama, kamar yadda ƙaramar magudana kan riga babbar kwata toshewa in shara ta yi yawa.

A 2005 Ian Thompson da abokansa suka buga sakamakon bin sawun maza 9,457 masu shekara 55 zuwa sama a Amurka. Suka tarar masu wannan rauni sun fi sauran haɗuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, har suka ce hatsarinsa ya yi kusa da na shan taba, ko na wanda ya gaji ciwon zuciya daga iyaye. Saboda irin waɗannan hujjoji, taron masana da a ke yi da sunan Princeton ya ba da shawara cewa namijin da ya zo da wannan kuka, ko da ƙirjinsa bai taɓa ciwo ba, a ɗauke shi mai yiwuwar ciwon zuciya har sai awo ya nuna ba haka ba ne.

Akwai kuma albishir. A 2004 Katherine Esposito da abokan aikinta a birnin Nafoli na Italiya suka raba maza 110 masu ƙiba da wannan rauni gida biyu. Rukuni ɗaya aka sa su rage ci da yawaita motsa jiki, ɗayan aka ba su nasiha ta gaba ɗaya kawai. Bayan shekara biyu, mutum 17 cikin 55 na rukunin fari sun koma lafiya ba tare da ƙwaya ba, a ɗaya rukunin kuwa mutum 3 kaɗai. Babu kamfanin da zai sami riba da tallan tafiya a ƙasa da rage tuwo, shi ya sa wannan labari bai yi ƙara ba.

Har batun saurin biyan bukata, wanda masu talla suka fi cin kasuwa da shi, an auna shi. A 2005 Marcel Waldinger na ƙasar Holan da abokansa suka sa ma'aurata 500 a ƙasashe biyar su riƙa duba agogo. Tsakatsakin lokacin bai kai minti shida ba. Abin da likitoci ke kira ciwo shi ne wanda kullum ba ya wuce kimanin minti ɗaya, har abin yana damunsa. Saboda haka mai cewa namiji na ƙwarai sai ya yi sa'a guda, tsoro ya ke sayarwa kafin ya sayar da kwalba.

Inda Abin Ya Shafe Mu

A ƙasar Hausa wannan magana ba baƙuwa ba ce. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yi mata hukunci, gama cikin Risala an ce wanda ya kasa kusantar matarsa alƙali kan ba shi jinkirin shekara guda, in bai sami lafiya ba matar tana da zaɓin rabuwa. Ashe kuwa tun da can an san ciwo ne da a ke neman maganinsa, an kuma san hakkin mace na ciki. Amma a bakin jama'a, in abin ya sami mutum sai a ce basir ne, ko sanyi, ko kuwa an yi masa sammu. Da wuya ka ji wanda ya ce a je a auna sukari. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali wani babban nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya nuna fiye da rabin maza masu ciwon sukari suna fama da wannan rauni.

Sa'an nan ga hatsarin abin da a ke sha. Tsakanin 2007 da 2016 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta kama kaya 776 da a ke sayarwa da sunan ƙarin kuzari, alhali an ɓoye maganin asibiti a ciki. Kusan rabinsu na ƙarfin maza ne, yawanci kuma sildenafil aka zuba. A Singafo, cikin watanni biyar na farkon 2008, an kwantar da mutum 150 a asibiti, sukarin jininsu ya faɗi warwas, bayan sun sha irin waɗannan magunguna na bayan fage da aka gauraya da maganin ciwon sukari. Huɗu suka mutu. In haka ta faru a ƙasashen da ke da tsananin tsaro, ina ga kwalbar da ba ta da suna ba ta da lamba, wadda a ke miƙo wa mutum ta tagar mota? A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan kayayyaki.

Ko ƙwayar gaskiya tana da sharuɗɗa. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin na naitiret, in ya haɗa da ita, jininsa na iya faɗuwa har ya kai ga mutuwa. Mai cutar sikila, wadda ta yawaita a cikinmu, yana cikin hatsarin gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, in kuwa ya wuce sa'a huɗu ba a kai shi asibiti ba yana iya lalacewa har abada. Samarin da ke shan taramol don jinkirta biyan bukata su ma suna sayen jaraba ne da farfaɗiya, daga baya kuma raunin da su ke gudu shi zai riske su. Akwai kuma waɗanda su kan bar maganin hawan jini don sun ga ya rage musu ƙarfi. Gaskiya ne waɗansu magungunan su kan yi haka, amma mafita ita ce likita ya canja wani, gama mai barin magani gaba ɗaya ya gudu daga ruwa ne ya faɗa rijiya.

Shawararmu

Ga maigida, mu ke cewa in ka ga wannan canji ya zauna maka wata da watanni, musamman in ka haura shekara arba'in, kada ka fara da kasuwa. Je asibiti a auna jininka da sukarinka da kitsen jininka. In kana shan taba, ka bari. Ka kuma yi magana da iyalinka, domin matar da ba a gaya mata kome ba za ta zaci an daina son ta ne, ko kuwa akwai wata a waje, kuma da irin wannan zato gidaje da yawa suka watse. Ba mu ce damuwa da fargaba ba su da hannu ba. Suna da shi, musamman ga matasa da sababbin angwaye. Likita ne zai rarrabe.

Ga likitocinmu da malaman asibiti, mu ke cewa mai ciwon sukari ko hawan jini ba zai fara ɗauko wannan magana da kansa ba. Ku ku tambaye shi, a keɓe, da lafazi mai mutunci.

Ga jami'o'inmu da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, mu ke cewa lokaci ya yi da za a yi wa mutanenmu irin abin da aka yi wa mutanen Masacusets, watau a bi su gida gida, a tambaye su da harshensu, a kuma bi sawunsu shekara da shekaru. Ƙidayar waɗanda suka kawo kansu asibiti tana da amfani, amma ba ta nuna halin waɗanda kunya ta tsare a gida.

Ga hukumomi kuma, mu ke cewa a ɗauki samfurin abin da a ke sayarwa a tasha da kasuwa a auna, a shelanta sakamakon a rediyo da Hausa, a kuma hana tallan da ke alkawarin abin da ba ya yiwuwa.

Masu binciken nan sun ba namiji kyautar da ba kowane ciwo ke bayarwa ba, watau sanarwa tun da sauran shekara biyu ko uku a gyara. Wanda ya rufe alamar da ƙwaya, ya ƙi zuwa awo, ya ɓatar da wannan tazara ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.